Masu Karanta Kaluluwa

Babu Bahaushen da bai san kaluluwa ba. Yaro ya yi tuntuɓe ya fasa ɗan yatsa, bayan kwana biyu ka ga yana ɗingishi, ya ce matsematsinsa na ciwo. Haƙori ya ruɓe, sai ɗan curi ya fito a ƙasan muƙamuƙi. Iyaye mata ba sa ko ɗaga hankali, sun san in miki ya warke kaluluwa za ta sace da kanta, kuma galibi gaskiyarsu ne. Amma akwai wadda ba ta da miki, ba ta ciwo, ba ta kuma sacewa. Tana nan a wuya ko a hammata, wata ɗaya, wata biyu, tana ƙara tauri tana ƙara girma. Mai ita yana rama, zazzaɓi na zuwa yana tafiya, da dare gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Likita zai taɓa, ya latsa, ya yi tambayoyi, amma in mai gaskiya ne zai ce maka hannu ba ya raba gardama a nan. Tarin fuka na yin haka. Ƙanjamau na yin haka. Sankarar da ake kira limfoma, wadda ke tashi daga ƙwayoyin garkuwar jiki, ita ma haka take yi.

Wanda ke raba gardamar wani likita ne da mara lafiya ba ya ganinsa, sau da yawa bai ma san da shi ba. Ba ya zagayen gadaje, ba wanda ke tare shi a bakin asibiti ya yi masa godiya. Yana can ɗakin gwaje-gwaje, shi da madubin likita da tiren gilasai. Sa hannunsa ne a ƙasan takardar da dangi ke jira idan aka ce musu “an kai naman lab, sai sakamako ya fito.” A ganina, a duk ayyukan asibiti kaɗan ne suka kai karatun kaluluwa buƙatar ido da natsuwa, kuma su kansu likitocin binciken nama suna lissafa shi cikin mafi wuyar fannoninsu.

Kafin ido ya yi aikinsa sai hannu ya yi nasa. An ciro curin a tiyata, an tsoma shi a kwalbar fomalin, ruwan nan mai warin da ke sa hawaye, wanda ke tsayar da nama yadda yake kada ya ruɓe. A ɗakin gwaji za a tsaga shi, a zaɓi wurin da ya dace, a tsotse ruwan jikinsa, a zuba masa narkakken kaki ya daskare da shi a ciki. Daga nan ma'aikacin ɗakin gwaji zai karɓa, shi ma gwani ne da ba a cika ambata ba. Zai ɗora dunƙulen kakin a kan ƙanƙara, don kaki mai laushi ba ya yankuwa, balle a zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri. Ya ɗaure shi a na'urar yanka, ya riƙa juya hannunta a hankali, yanka na fitowa ɗaya manne da ɗaya, kowanne kaurinsa kashi 3 zuwa 5 cikin 1,000 na milimita. Numfashi mai ƙarfi kaɗai ya isa ya tashi da shi. Da ɗan burushi zai ɗauke shi ya shimfiɗa a kan ruwan ɗumi har inda ya yamutse ya miƙe, sannan ya zura gilashi ta ƙarƙashi ya ɗago. Rini biyu ake masa: ɗaya ya mayar da cibiyar kowace ƙwayar halitta shuɗiya mai duhu, ɗayan ya ba sauran naman ruwan hoda. Sama da shekara 100 ke nan ana aiki da wannan haɗin rini, har yau ba a sami abin da ya ture shi ba.

Abin da ke burge ni da gwanayen nan shi ne ba sa gaggawa. Ɗalibi sabon shiga yana zama zai murɗa madubi zuwa mafi ƙarfin gani, yana farautar muguwar ƙwaya. Gwani kuwa yakan ɗaga gilashin ya dube shi da ido a hasken fitila, sannan ya fara daga nesa, don tsarin wurin yake nema kafin mazaunansa. Lafiyayyar kaluluwa, in ka hango ta daga sama, tsarin tsohon birni gare ta. Akwai ganuwa, wato fatar da ta kewaye ta. Akwai zagayayyun unguwanni a jere ta gefe, inda ƙwayoyin B ke zaune, can ciki kuma filin ƙwayoyin T, ga lunguna da ruwan jiki ke bi ya shiga ta nan ya fita ta can. Tambayar farko ke nan: birnin yana nan, ko an baje shi? In unguwanni sun ɓace, lunguna sun toshe, ƙwayoyi iri ɗaya sun mamaye ko'ina har sun tsallake ganuwa, gwani ya riga ya san ba lafiya tun kafin ya kalli fuskar ƙwaya ɗaya.

Don a gane abin da yake karantawa, sai an san sana'ar mazauna birnin. Mutum na da irin wannan curi ɗaruruwa a jikinsa, a wuya, a hammata, a matsematsi, a cikin ƙirji da ciki. Ƙwayoyin B, da ake haifa a ɓargo, aikinsu ƙera sinadarin da ke kama ƙwayar cuta ya riƙe. Sai dai jiki bai san wace cuta zai haɗu da ita gobe ba. Dabarar da Allah ya halicce shi da ita abin al'ajabi ce: kowace ƙwayar B, tun tana ɓargo, takan yanke rubutun gadon da ke cibiyarta ta sake haɗa shi, don ta fito da makamin da ya bambanta da na kowa. Idan cuta ta shigo, 'yan ƙalilan da makaminsu ya ɗan dace sukan taru a tsakiyar unguwa su buɗe dandali, su shiga rabuwa gida biyu kowane awa 6 zuwa 12. Ba rabuwar kaɗai ba, da gangan suke sauya haruffan rubutun makamin, da saurin da ya ninka kuskuren sauran ƙwayoyi kusan sau miliyan. Sinadarin da ke wannan aiki, mai suna AID, a 1999 aka gano shi a ɗakin binciken Tasuku Honjo a Kyoto ta Japan. Wadda sauyin ya inganta makaminta ta tsira ta hayayyafa. Wadda ya ɓata, kuma su ne mafi yawa, sai ta kashe kanta nan take, wasu manyan ƙwayoyi masu kwashe gawa su haɗiye ta. Kumburin da yaro ke ji a matsematsi wannan hada-hadar ce.

To, a nan sankara ke samun ƙofa. Duk inda ake yanka rubutu ana ɗinkewa ba dare ba rana, wata rana za a ɗinke ba daidai ba. Rubutun gadon mutum a ɗaure yake dami 46, biyu-biyu, ana ce musu kuromosom, an kuma ba su lambobi. Babban umarnin ƙera makamin ƙwayar B yana kan lamba 14, kuma da yake shi ne sana'arta, kullum a kunne yake. Idan aka yanko wani umarni daga wani damin aka manna shi kusa da wannan wuri, shi ma ya kunnu ke nan ba ranar kashewa. In daga lamba 18 aka yanko, mai suna BCL2, aikinsa hana ƙwaya mutuwa, sai a sami ƙwayar da ya kamata ta kashe kanta ta ƙi, zuriyarta na taruwa a hankali shekara da shekaru. In daga lamba 8 ne, mai suna MYC, aikinsa ingiza ƙwaya ta rabu, sai a sami ƙarin da ke ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kuskure ɗaya kuma ba ya isa. An sha samun 'yan ƙwayoyi masu haɗin 14 da 18 a jinin mutane masu ƙoshin lafiya, waɗanda mafi yawansu har su tsufa ba abin da zai same su. Sai kuskure na biyu da na uku sun hau kan na farko, garkuwar jiki kuma ta kasa kawar da ɓatacciyar. Shi ya sa masu ƙanjamau, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suke shan maganin danne garkuwa, suka fi kamuwa. Shi ya sa kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na limfoma daga ƙwayoyin B take fitowa, don su ne suka fi taɓa rubutunsu.

Yanzu ka ga inda wuyar take. Sankarar nono da ta bazu zuwa hammata baƙuwa ce a kaluluwa, galibi ɗalibi ma zai nuna ta. Limfoma kuwa 'yar gida ce, kamanninta na masu gida ne, kuma kaluluwar da ke yaƙi da cuta tsakaninta da Allah tana iya fin mai sankara ban tsoro a ido. Ɗauki limfomar haɗin 14 da 18. Ita ma zagayayyun unguwanni take ginawa. Yaya za a bambance? Gwani zai dubi girmansu: na lafiya wata babba wata ƙarama, wata ta ɗan karkace, da sarari a tsakani, na sankara kusan kansu ɗaya, sun cunkushe suna gogar juna har tsakiyar curin. Zai dubi dandalin: na lafiya gefe ɗaya duhu, inda ake rabuwa, gefe ɗaya haske, inda ake tantancewa. Sannan ya nemi masu kwashe gawa. In ya gan su birjik, cikinsu cike da ɓaraguzan matattun ƙwayoyi, hankalinsa ya ɗan kwanta, don mutuwa na gudana yadda ya kamata. Dandalin da ya gani tsaf, ba gawa ba shara, shi ne abin tsoro. Wannan nake jinjina wa ƙwarai, a ce mutum ya horar da idonsa har yana lura da abin da babu.

Limfomar da ta fi addabar yaran Afirka ta haɗin 8 da 14 ce, kuma masu ido ne suka tono ta. A 1957, a asibitin Mulago da ke Kampala ta Yuganda, aka nuna wa wani likitan tiyata ɗan Ailan, Denis Burkitt, yaro ɗan shekara 5 da muƙamuƙansa suka kumbura sama da ƙasa, hagu da dama. Burkitt ido ɗaya gare shi, ya rasa ɗayan tun yana yaro. Ba da daɗewa ba ya ga wani yaron mai irin wannan kumburi a Jinja, sai ya koma ya tono tsofaffin takardun asibiti. A 1958 ya wallafa bayanin yara 38, amma bai gane irin sankarar ba, da wani suna ya kira ta. Likitocin binciken nama na Makerere, Gregory O'Conor da Jack Davies, su suka zauna kan gilasai suka tabbatar limfoma ce, wadda yau ake kira limfomar Burkitt. Hoton ba ya ɓacewa ga wanda ya taɓa ganinsa: shimfiɗar ƙwayoyi shuɗaye masu duhu, kansu ɗaya, manne da juna, da fararen ɗigo warwatse a ciki, abin da likitoci ke kira sararin sama mai taurari. Taurarin nan masu kwashe gawa ne, don ƙarin na girma da gudu har ƙwayoyinsa na zubewa a hanya. Ka lura, alamar da ta kwantar da hankali ɗazu, a nan alamar ƙarin da ya fi kowane saurin girma a jikin ɗan Adam ce. Bambancin shi ne ɗazu tana cikin dandali, a nan birnin ne gaba ɗaya babu.

A 1961 Burkitt da abokansa biyu suka yi tafiyar mil 10,000 a mota suna bin asibitoci, taswirar da ta fito kuma ta nuna cutar ba ta son tuddai masu sanyi; inda take, nan zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida. A shekarar ce wani mai bincike a Landan, Anthony Epstein, ya saurari laccarsa, ya roƙa a riƙa aiko masa nama daga Kampala. Fiye da shekara biyu bai sami komai ba. A Disamban 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgin da ya ɗauko wani samfur zuwa Manchester, ya iso a makare, ruwan kwalbar ya yi duhu kamar ya lalace. Wani zubarwa zai yi. Epstein ya ɗiga shi a gilashi ya duba, sai ga ƙwayoyin ƙarin da girgizar tafiya ta kakkaɓo, suna yawo da ransu. Su suka hayayyafa a kwalba, a cikinsu kuma shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga bairos ɗin da aka sanar a 1964, na farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. Yau an san bairos ɗin yana jikin fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya, ta yawu ake ɗauka, a ƙasashenmu tun ana goye. Yana shiga ƙwayar B ya taimaka mata ta kauce wa mutuwa. Zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa kuma yana hana dandali hutawa, yana zuga AID, yana raunana ƙwayoyin T masu gadin bairos ɗin. A cikin wannan turmutsutsu ne yankan 8 da 14 ke faɗawa kan ƙwayar da ba za ta mutu ba.

Akwai kuma limfomar Hodgkin, mai son matasa, wadda Thomas Hodgkin ya bayyana a Landan a 1832. Shekaru da dama manyan likitoci, har da Carl Sternberg na Vienna wanda ya kwatanta ƙwayarta a 1898, suna ɗaukarta wani nau'in tarin fuka. Dorothy Reed, likita 'yar shekara 28 a Johns Hopkins ta Amurka, ita ta zana ƙwayar da hannunta a 1902, ta kafe cewa ba tarin fuka ba ne. Ƙatuwar ƙwaya ce mai cibiya biyu, likitoci na ce mata idon mujiya. Wuyarta ƙarancinta: sau da yawa ba ta wuce ɗaya cikin 100 na ƙwayoyin curin, sauran duk lafiyayyu ne da ta kira suka kewaye ta. Sai mai haƙuri ya bi gilashin layi-layi. A 1994 ne masu bincike a Jamus suka tsinto ta ɗai-ɗai suka karanta rubutunta, suka ga ƙwayar B ce, daga baya kuma aka tabbatar daga dandali ta fito.

Kuskuren Sternberg bai mutu ba, a wurinmu ma ya fi rai. Inda tarin fuka ya yi yawa, kaluluwar wuya da rama da gumin dare shi ake fara zarga, kuma galibi shi ɗin ne. Amma kama da wane ba ta wane. Mai limfomar da aka ɗora kan maganin tarin fuka bisa zato yana iya shafe watanni yana haɗiyar ƙwayoyin da ba nasa ba, cutar na ci. A madubi, tarin fuka kan bar mataccen nama a tsakiya da da'irar ƙwayoyi kewaye, akwai kuma rini na musamman mai fito da ƙwayar cutar ja. Hodgkin ma takan yi irin wannan da'ira wani lokaci, don haka gwani ba ya rufe gilashi da ganinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa limfoma sama da iri 60, kuma ido kaɗai ba ya rarrabe su duka. Akwai rini na biyu da ke manne wa alama takamaimai a jikin ƙwaya ya mayar da ita ruwan ƙasa. CD20 na nuna B, CD3 na nuna T, CD30 na fito da idon mujiya, Ki-67 na ƙirga masu rabuwa, in kusan duka suka kama Burkitt ake tunani. BCL2 shi ke yanke hukuncin unguwannin nan: dandalin lafiya ba ya kama shi, na sankara galibi yana kamawa. Rinin nan da tsada, daga waje ake sayowa, don haka a wurinmu gwanintar ta haɗa da zaɓe: waɗanne uku ko huɗu ne za su amsa tambayar, ba tare da an ɗora wa iyalin da suka sayar da hatsinsu kuɗin goma ba? Kowace kalma a takardar kuma tana sauka a jikin mutum. Limfoma mai tafiyar hawainiya wani lokaci ido kawai ake sa mata shekaru. Mai gudu ana far mata da magani mai ƙarfi cikin kwanaki, kuma ita ta fi warkewa: a ƙasashen da ke da kayan aiki, yara 9 cikin 10 masu limfomar Burkitt na warkewa sarai. A Ibadan ma aka yi wani ɓangare na aikin farko da ya nuna haka, a hannun likita ɗan Kamaru Victor Anomah Ngu, wanda ya raba lambar yabo ta Lasker da Burkitt da wasu a 1972.

Masu wannan ido ba su da yawa. A arewa galibi a manyan asibitocin koyarwa ake samunsu, irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Duk gwanintarsu kuma ba ta wuce abin da aka kawo musu ba. Curin da aka matse ya dagargaje, ko aka bari ya bushe, ko aka zuba a ruwan gishiri maimakon fomalin aka yi doguwar tafiya da shi a mota, ba ya karantuwa. Abin da aka zuƙo da siririyar allura na nuna ƙwayoyi amma ba ya nuna tsarin wurin, shi ya sa sau da yawa ake neman a ciro curin ɗungurungum. Ƙwayoyin nan irin su firednisolon da deksametason, da ake saye a kemis ba takarda don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, suna narkar da limfoma na ɗan lokaci: kumburi ya sace, a yi murna, ya dawo da ƙarfi, gilashin kuma ya rikice.

Don Allah, mai karatu, in kaluluwa ta wuce mako uku ko huɗu ba miki ba ciwo, kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a sha maganin kemis a zauna jira. In muƙamuƙin yaro ne ya kumbura haƙoransa suka fara girgiɗi, ko cikinsa na girma cikin kwanaki, wannan ba a jiran mako, a tafi asibiti ranar. In likita ya ce za a ciri nama, a yarda, cire shi ba ya watsa cutar. A tambayi inda aka aika shi, a kuma koma a karɓi sakamakon.